Aikin da ke gamawa cikin minti 40 yanzu yana cin awa 7: ina matsalar take?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani aikin haɗa bayanai ne ya tsaya mani a wuya. Rajistar manoma muke yi a ƙananan hukumomin Katsina, ma'aikatanmu na cike fom da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a wayoyinsu. Kowane dare nakan sauke amsoshin fom ɗin a fayil ɗin CSV (fayil na rubutu mai layi-layi), Pentaho (manhajar haɗa bayanai mataki-mataki) ya karanta shi, ya bi kowane layi ya nemo lambar manomi a teburin rajista da ke rumbun bayananmu na PostgreSQL ta hanyar lambar waya, ya sake duba wani ƙaramin fayil na ƙananan hukumomi da mazaɓu, sannan ya zuba sakamakon a teburin rahoto. Layukan sun kai wajen 800,000, rajistar kuma ta haura miliyan 2. A da in na tayar da shi bayan isha'i, kafin in kwanta ya gama. Yanzu awa 7 yake ci. In aka ɗauke wuta cikin dare batir ya gaza, da safe sai in koma daga farko, ga oga na jiran rahoto kafin ƙarfe tara. RAM ɗin kwamfutar 8 GB ne.

Na Sabon Layi: Wa alaikumus salam. 8 GB da layi miliyan 2? Ai ka faɗi cutar da bakinka. Kawo ta a ƙara mata zuwa 16, a sa mata SSD in har tsohon faifai mai juyi ne a ciki. A kuma buɗe ta a hure ƙura. Wanda bai taɓa buɗe kwamfutar ofis bayan hunturu ba bai san abin da fanka ke haɗiya a garin nan ba, in ta toshe injin ya yi zafi, da kansa yake rage gudu.

'Yar Daura: Malam, kafin ka sayi komai, tambaya biyu. Me ya canza tsakanin lokacin da yake minti 40 da yanzu? Kwamfutar nan dai ita ce ke gamawa da wuri a da, da RAM ɗin nan nata. Na biyu, ka tayar da aikin a Spoon, allon da ake zana aikin Pentaho, ka buɗe shafin da ke nuna gudun kowane mataki, ka karanto mana layi nawa kowanne ke yi a daƙiƙa, da abin da ke kolom na ƙarshe mai nuna shiga da fita.

Ɗan Ƙofar Sauri: Hajiya, ban taɓa komai a cikin aikin ba. Abin da ya canza shi ne an ɗauke rumbun bayanan daga sabar da ke ofishinmu an mayar da shi wata sabar haya a Legas, saboda matsalar wuta. Ga abin da na gani: matakin karanta fayil yana farawa da gudu sai ya tsaya yana jira. Matakin Database Lookup, mai nemo lambar manomi a rumbu, yana yin layi 33 a daƙiƙa, shigarsa 10,000 cif, fitarsa sifili. Na gaba da shi duk a zaune suke. Injin kwamfutar ma bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

'Yar Daura: To ga ta nan. Matakin da shigarsa ta cika fitarsa babu komai, shi ne ke riƙe da kowa. Wannan 10,000 ɗin shi ne iyakar layukan da Pentaho ke bari su yi jerin gwano tsakanin mataki da mataki in ba ka canza ba. Yi wa sabar ping, wato ka auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ka gaya mani.

Ɗan Ƙofar Sauri: Tsakanin kashi 28 da 32 cikin dubu na daƙiƙa yake ba ni.

'Yar Daura: Mu ce 30. Matakin nan, in ba ka kunna masa ajiya (riƙe amsoshi a ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba, kowane layi tambaya guda yake aika wa rumbun, ya tsaya har amsa ta dawo, sannan ya aika ta gaba. Kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa sau 800,000 ya ba ka daƙiƙa 24,000, wato awa 6 da minti 40. Ka ga awa 7 ɗinka ta fito, ba tare da an taɓa maganar RAM ba. Kamar ka aiki yaro ya sayo maka ashana tsinke ɗaya-ɗaya ne: da shagon yana ƙofar gida ba ka ji ba, yanzu shagon ya koma Legas. Rumbun ba ya wahala, kwamfutarka ba ta wahala, hanya ce ke cinye daren.

Na Sabon Layi: Lissafin ya zauna, ban ja ba. Amma ina nan kan maganar ƙura, watan Afrilu na tafe.

Ɗalibi: Anti, in haka ne me zai hana ya ƙara kwafin matakin? Na ga ana danna dama a kansa a ce ya tashi sau 8. Sai awa 7 ta koma ƙasa da awa ɗaya.

'Yar Daura: Zai ragu, ƙanena, tunaninka daidai ne tunda jira ake yi ba aiki ba. Sai dai kowane kwafi da nasa haɗin yake buɗewa da rumbun, PostgreSQL kuma 100 yake bari in ba a ɗaga ba, kuma ba kai kaɗai ke shiga ba. Tambayoyin nan 800,000 suna nan ba su ragu ba, ka dai raba su. Randa layukan suka ninka, ka dawo inda kake. A matsayin maganin daren yau na yarda da shi.

Malam Injiniya: Salamu alaikum. Na jima ina karantawa. Abin da ɗana Ɗan Ƙofar Sauri ke yi yana da suna a DataStage, ɗan'uwan Pentaho, wanda na yi shekaru ina aiki da shi a Legas kafin in dawo gida. Dubawa iri biyu ce a can. Akwai wadda ake kwaso teburin dubawa gaba ɗaya a ɗora a ƙwaƙwalwa tun farko, akwai kuma wadda ake kira sparse, mai aika tambaya ga rumbu a kan kowane layi. Ta biyun ba laifi ba ce, amma wurinta shi ne inda layukan da ke shigowa kaɗan ne, teburin da ake dubawa kuma ƙato. Abin da muka tashi da shi, in teburin ya ninka abin da ke shigowa sau ɗari ko fiye, to a yi ta. Kai naka 800,000 ne a kan miliyan 2. Kusan kashi 40 cikin ɗari na teburin kake nema, ka ga kwaso shi duka sau ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma fayil na musamman da muke ginawa don dubawa, Lookup File Set. Ana gina shi sau ɗaya da makullinsa a tsare, ayyuka da yawa su yi ta amfani da shi ba tare da kowa ya koma ya dami rumbu ba. Amfaninsa na fitowa in teburin ba ya yawan canzawa. Haɗarinsa kuma shi ne tsufa: aka ƙara manoma jiya ba a sake gina shi ba, yau duk sababbin za su fito a matsayin waɗanda ba a sani ba, aikin kuma ba zai yi kuka ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode Baba. Na ga akwatin kunna ajiya da na kwaso duk teburin a cikin matakin. Bari in gwada.

Ɗan Ƙofar Sauri: Ya yi kamar minti 4 ya mutu. Abin da ya rubuta: OutOfMemoryError, Java heap space.

Na Sabon Layi: Ga maganata ta fito.

Na Funtuwa: Ba ta fito ba tukuna, Yaya. Ba RAM ɗin kwamfutar ne ya ƙare ba, rabon da aka yanka wa Java ne, wadda Pentaho ke gudana a kanta. Buɗe spoon.bat ka nemi inda aka rubuta Xmx, galibi 2048m za ka tarar, wato 2 GB kacal cikin 8 ɗinka. Mayar da shi 5 GB. Kada ka ba shi duka, in Windows ta rasa wurin numfashi za ta koma rubutu a faifai, wannan kuma ya fi abin da ka gudu muni. In da dare Kitchen, mai tayar da aikin Pentaho ba tare da buɗe Spoon ba, ke tayar maka da aikin, ka fi samun sauƙi ka sa adadin a PENTAHO_DI_JAVA_OPTIONS don ya shafi duka. Ka kuma rage abin da kake ɗaukowa. Lambar waya da lambar manomi kawai kake buƙata, ba suna da adireshi da girman gona ba. Layi a cikin Java ya fi yadda kake ganinsa a fayil nauyi sosai.

Ɗan Ƙofar Sauri: Alhamdu lillahi! Minti 11 ya gama.

Hajiyar Ƙididdiga: Kafin mu yi maka barka, buɗe teburin rahoton ka ƙirga layi nawa ne suka samu lambar manomi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Inna lillahi. Kolom ɗin fayau yake daga sama har ƙasa. Ko ɗaya bai samu ba, kuma log bai nuna kuskure ko guda ba.

'Yar Daura: Kwantar da hankalinka. Duba yadda aka ƙirƙiri kolom ɗin waya a rajista. Ina zargin char ne, ba varchar ko text ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: char(15) ne.

'Yar Daura: Shi ke nan. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, char(15) kuma yana cike ragowar gurbi 4 da sarari. PostgreSQL in yana kwatanta irin wannan kolom ba ya kallon sararin da ke ƙarshe, shi ya sa a da suke dacewa. Da ka kwaso teburin, kwatancen ya bar hannun rumbu ya koma hannun Java, ita kuwa harafi da harafi take bi, har da sararin da idonka ba ya gani. Wannan ne abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe game da ajiya: ba gudu kaɗai take canzawa ba, tana canza wanda ke yanke hukuncin cewa abu biyu ɗaya ne. Ka cire matakin, ka sa Table Input mai ɗauko rtrim na wayar (wato wayar bayan an yanke sararin ƙarshe) da lambar manomi, ka haɗa shi da Stream Lookup, matakin da ke dubawa a ƙwaƙwalwa.

Na Funtuwa: Haka yake a SSIS ma, irin Pentaho da ke tafiya da rumbun SQL Server. Ajiya iri uku ce a can: cikakka, rabi, da babu. SQL Server yawanci ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma da ka zaɓi cikakkar ajiya, FUNTUA da Funtua sun zama gari biyu. Kuma cikakkar ba ta malala zuwa faifai, in ƙwaƙwalwa ta ƙare aikin faɗuwa yake. Akwai fayil mai ƙarewa da .caw da ake adana ajiyar a ciki, ɗan'uwan wanda Malam Injiniya ya ambata.

Ɗalibi: Yaya Ɗan Ƙofar Sauri, turo mana ko layi 500 na fayil ɗin mu gwada a namu.

Mai Kula da Zaure: A'a, kada a turo. Sunaye da lambobin wayar bayin Allah ne, ba su ba da su don a yi yawo da su a zaure ba, kuma akwai dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Mai son gwaji ya ƙirƙiri lambobin bogi. Hoton allo ma a rufe lambobin kafin a ɗora.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na yi yadda Hajiya 'Yar Daura ta ce. Minti 12, kuma yawanci sun samu. Saura wajen 41,000 da ba su dace ba. Na koma rahotannin baya na tarar dama can akwai kusan haka, ba a dai ƙirgawa.

Hajiyar Ƙididdiga: Ɗauki hamsin daga cikinsu ka dube su da ido, ba da kod ba. Zan iya faɗa maka abin da za ka gani. Wasu sun zo da +234, wasu 234 babu alamar, wasu da sarari ko ɗan layi a tsakiya. Mafi yawa kuma sifilin farko ne ya ɓace, saboda wani ya buɗe fayil ɗin a Excel ya gyara abu ɗaya ya adana. Excel na ganin 0803 sai ya ɗauka adadi ne ya jefar da sifilin. Lambar asusun banki mai lamba 10 ma haka yake mata in da sifili ta fara. Shi kansa Pentaho in ka bar shi ya yi hasashen nau'in kolom daga layukan farko, zai iya ce wa waya adadi. Lambar waya, NIN, BVN, lambar asusu, duk rubutu ne, ba wanda zai tara su ko ya raba. Ka kuma sani Excel layi 1,048,576 yake ɗauka, fayil ɗinka ya kusa kai wa can.

Gyaran: a ɓangarorin biyu ka cire duk abin da ba lamba ba, ka ɗauki 10 na ƙarshe, ka kwatanta da su.

'Yar Daura: Ƙari kaɗan a kan maganar Hajiya. Kada ka riƙa yin wannan wankin a cikin sharaɗin tambaya kullum. In ka naɗe kolom a cikin aiki irin regexp_replace, indeks ɗin da ke kan kolom ɗin, wato fihirisar da rumbu ke bi don saurin nema, ba zai yi amfani ba, sai dai in ka gina wani a kan wannan lissafin kansa. Ya fi tsabta ka ƙara kolom guda na wankakkiyar lamba, nau'in text, ka cike shi sau ɗaya, ka sa masa indeks.

Ni kuma in aikina ne, ba zan jawo miliyan 2 zuwa Katsina kowane dare ba sam. Fayil ɗin zan tura can. Tebur na wucin gadi, UNLOGGED don kada ya ɓata lokacin rubuta log ɗin farfaɗowa, a zuba CSV ɗin da COPY, a yi masa ANALYZE don rumbun ya san yawan abin da ke ciki, sannan JOIN guda ɗaya, wato umarnin haɗa teburan biyu. Irin wannan haɗin PostgreSQL cikin daƙiƙoƙi yake yin sa. Ka gudanar da EXPLAIN ANALYZE ka duba wurin Hash: in ka ga Batches ya wuce 1, to ya malala faifai, domin work_mem 4 MB ne in ba a taɓa ba. Ka ɗaga shi a zaman aikin kaɗai da SET, kada ka ɗaga wa sabar duka, saboda kowace tambaya na iya cin wannan adadin sau da yawa. Kuma in ka ga Seq Scan kada ka tsorata, idan kusan rabin tebur ake nema karanta shi a jere ya fi bin indeks.

Malam Injiniya: A nan zan ɗan saɓa da ke, 'yata. Gudu kam naki ya fi, ba musu. A DataStage ma in teburin dubawa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, Join muke komawa bayan an jera ɓangarorin biyu a kan makulli. Amma ina tunanin wanda zai gaji aikin. Zanen da ke Spoon, yaron da ya zo hidimar ƙasa zai buɗe ya bi kibiya ya gane. SQL, yaren tambayar rumbu, mai layi ɗari da aka cusa a mataki ɗaya, randa mai shi ya samu aiki a Abuja, ba mai iya taɓa shi. Na ga ofisoshin da suka zauna da rahoto mai kuskure saboda tsoron taɓa abin da ba su fahimta ba. Minti 12 ya ishi wanda ke da dare guda.

'Yar Daura: Baba, na karɓi maganar gado. Sai dai ni a ganina wanda zai riƙe bayanan mutum miliyan 2 dole ya iya karanta JOIN, kuma SQL ya fi kowace manhaja tsawon rai. Minti 12 ɗin ma ya dogara ne da netwok ɗin ofis ya tsaya da ƙafarsa yayin jawo teburin, da kuma 5 GB ɗin ya ci gaba da isa. Rajistar ƙaruwa take yi. A bar Pentaho ya riƙe jeren matakai da log da aika saƙo in an faɗi, nauyin kuma a bar wa rumbu.

Malam Injiniya: In za a rubuta bayani da Hausa ko Turanci a saman kowace tambaya, a kuma raba ta gida-gida, na sassauta. Ban dai janye ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gwada hanyar Hajiya 'Yar Daura a teburin gwaji. Haɗin bai kai minti ɗaya ba. Amma wani abu ya ɗaure mani kai: na zuba layi 800,000, ya fito da wajen 860,000.

Hajiyar Ƙididdiga: Wannan ita ce maganar da nake jira a iso. Lambar waya ba makulli ba ce a ƙauye. Je ka kowace rumfar rajista a Mashi ko Sandamu ka tsaya ka gani: maigida zai ba da lambarsa, matansa biyu su ba da ita, ƙaninsa ya ba da ita. Wani lokaci rabin unguwa lambar mai unguwa ko ta mai cajin waya suke bayarwa. JOIN ya nuna maka gaskiya, duk inda lamba ɗaya ke da mutum huɗu ya ba ka layi huɗu. Matakin dubawa kuwa ɗaya yake ɗauka ya yi shiru. Ma'ana tun lokacin da aikin ke minti 40, akwai matan da ake rubuta gonarsu da sunan mijinsu, akwai wanda ake ba buhun takin wani. Wannan ya fi awa 7 damuna.

Na Funtuwa: A matakin Database Lookup akwai akwatin da ke sa aikin ya faɗi in ya samu amsa fiye da ɗaya. Mutane ba sa kunna shi don ba sa son ja a log.

Ɗalibi: To a koma NIN mana, tunda kowa da tasa.

Hajiyar Ƙididdiga: Inda akwai ta, ta fi waya. Amma ba kowace tsohuwa ke zuwa da takardarta ba, kuma lamba 11 da ake kwafa da hannu a tsakar rana ana kuskurenta. Tunda kuna da lambar manomi taku, ita ya kamata ta shigo daga fili. A buga ta a kati da lambar QR, fom ɗin Kobo yana da nau'in tambaya mai karanta ta da kyamara. Kafin a kai can, a haɗa waya da mazaɓa da suna, abin da ya rage da shakku a ware shi a tebur daban a mayar wa ma'aikatan fili. Kada kwamfuta ta yi canki-canka a kan haƙƙin mutum.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na fahimta. Tunda ana ciki, ƙaramin fayil ɗin ƙananan hukumomin ma yana zubar da wasu. Layi 34 ne kawai, da mazaɓu 361, gudu ba matsala ba ne. Tsofaffin fom ɗin da hannu ake rubuta sunan.

Na Funtuwa: Garinmu kaɗai Funtua da Funtuwa. Ga Dutsin-Ma da Dutsinma, Jibia da Jibiya, Kankia da Kankiya, Dan Musa da Danmusa. Mai'adua kuma waya kan sa mata lanƙwasasshiyar alama, kwamfuta ta sa miƙaƙƙiya, a ido ɗaya ne, a wurin inji daban.

'Yar Daura: Ga kuma masu rubutawa da ƙugiya. In fayil mai tsarin haruffa na UTF-8 ne aka karanta shi da tsarin Windows-1252, Ƙanƙara za ta fito Æ˜anÆ™ara. Ka ga irin wannan, ba ma'aikaci ne ya yi shirme ba, je ka matakin karanta fayil ka zaɓi UTF-8 da hannunka, kada ka bar gurbin fayau.

Ɗalibi: Akwai matakin Fuzzy Match, yana kamo wanda ya fi kusa.

Malam Injiniya: A jihar nan? Kankia da Kankara harafi nawa ne tsakaninsu? Mani da Mashi fa? Dutsi da Dutsin-Ma? Zai kai manomin shiyyar Daura shiyyar Katsina ba tare da ya tambayi kowa ba. Abu 34 ba ya buƙatar hasashe. Yi tebur mai kolom biyu, kowane salon rubutu da aka taɓa gani da lambar ƙaramar hukumarsa, sabon salo in ya ɓullo ya faɗa kwandon da ba a gane ba, mutum ya duba ya ƙara. Sababbin fom kuma a sa zaɓi, a daina rubutawa. In aikin ya tsallaka jiha, makullin ya haɗa da jiha, domin cikin 774 akwai masu suna ɗaya: Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo.

Na Sabon Layi: Ni tambayata ɗaya. Me ya sa ake sake niƙa 800,000 kowane dare? Na jiya ai an riga an yi su.

'Yar Daura: Wannan tambayar ta fi duk abin da muka faɗa rage aiki, Yaya. A ɗauki sababbi kawai. Sharaɗi shi ne a yi amfani da lokacin da fom ya iso saba, wato _submission_time, ba ranar da aka cike shi a waya ba. Ma'aikacin da ke ƙauyen da babu netwok zai iya kwana uku kafin ya tura, in ka bi ranar waya ka tsallake shi har abada, ga agogon wasu wayoyin ma ba daidai yake ba. Ka riƙa komawa baya kaɗan kana haɗawa da na jiya, ka sa _uuid, lambar da kowane fom ke da tasa, ya zama makulli, ka zuba da INSERT mai ON CONFLICT, umarnin da ke hana layi shiga sau biyu, wanda ke nan tun PostgreSQL 9.5. Da haka ko an ɗauke wuta a tsakiya ka sake tayarwa, ba abin da zai ninku. Fom ɗin da aka gyara bayan an tura yakan samu sabuwar lamba, don haka ka bar cikakken zagaye sau ɗaya a mako ya share bambancin.

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, ga inda aka kwana. Na mayar da aikin kan sabar Legas ɗin kanta, cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ke tayar da Kitchen ƙarfe ɗaya na dare, ita ke jawo bayanan daga Kobo kai tsaye, wutar ofis ta fita daga lissafi. Na kullum yana gamawa ƙasa da minti 2, cikakken zagayen daren Asabar minti 6. Na rubuta bayani a saman kowace tambaya kamar yadda Baba ya ce. A ƙarshe aikin na rubuta adadi huɗu: da suka shigo, da suka dace da mutum ɗaya, da suka dace da fiye da ɗaya, da waɗanda ba su dace ba. In ukun ba su haɗu sun ba da na farko ba, rahoto ba ya fita. Waɗanda ba su dace ba sun sauko wajen 3,000. Masu lamba ɗaya mutum da yawa na raba su mazaɓa-mazaɓa, oga ya amince a tura wa ma'aikata. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Hajiyar Ƙididdiga: Amin. Waɗanda za a tura fili, a fara da mazaɓun da za a raba wa taki kafin saukar damina. Kuma a ba kowane ma'aikaci jerin mazaɓarsa kaɗai, ba fayil ɗin duka ba.

'Yar Daura: Ka kuma tabbata teburin rahoton da na rajista ba UNLOGGED ba ne, na zubawa kaɗai. In sabar ta mutu ba shiri, PostgreSQL share irin wannan teburin yake yi idan ya tashi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na duba yanzu, na zubawa ne kaɗai. Yaya Na Sabon Layi, ranar Litinin zan kawo kwamfutar a hure mata ƙurar.